An ba ƙanwata Kemistiri na koyarwa maimakon kos ɗin da ta nema, ta karɓa ko ta jira baɗi?

Yayan_Ummi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, shawara nike nema don Allah. Ƙanwata ta cike kos ɗin haɗa magunguna, makinta bai kai ba, sai admishin ya fito mata a tsangayar ilimi ta ɗaya daga jami'o'in gwamnati nan cikin jihar Katsina, Kemistiri haɗe da koyarwa, B.Sc. Ed. kenan. Tun da ta gani take kuka wai ita ba ta yi karatun dare don ta ƙare da alli a hannu ba. Baba ya ce ta karɓa, Mama ta ce a bar ta ta sake JAMB baɗi, ni kuma an bar ni a tsakiya tunda ni zan biya rajista. Waɗanda suka yi kos ɗin nan ku faɗa mani gaskiya, akwai abin da ake koyo a ciki ko wurin tara waɗanda aka rasa inda za a kai su ne kawai?

DanKofarSoro: Ta karɓa kawai malam. Wa ya ba ta tabbacin baɗi makin zai kai? Mun ga waɗanda suka zauna gida shekara uku suna jiran likitanci, ƙarshe kos ɗin da suka raina shi suka dawo suna nema da kamun ƙafa.

Abba_POS: Ni dai gaskiya zan faɗa ko za a zage ni. Na yi digirin koyarwa, Tarihi na karanta, ga ni nan bakin kasuwa da na'urar POS. Makarantar kuɗin da na fara koyarwa abin da suke ba ni ko kuɗin mashin na wata bai isa, kuma in an yi hutu babu albashi sai an dawo. In tana da halin jira ta jira.

Malama_Kemistiri: Yayan_Ummi kos ɗin da aka ba ƙanwarka shi na yi, kuma yanzu haka shi nike ci da shi, to bari in yi maka bayani dalla-dalla. Shekara huɗu ne in da JAMB aka shiga, mai NCE, takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, kuma aji biyu yake faɗawa ya yi uku. Darussan Kemistiri ba wani na daban ake yi maku ba, sashen Kemistiri za ta riƙa zuwa ta zauna aji ɗaya da masu yin zallarsa, lakcara ɗaya jarabawa ɗaya, sai dai su akwai wasu kwasakwasan da za su ɗauka ita ba za ta ɗauka ba, a madadinsu sai ta dawo tsangayar ilimi ta yi halayyar yara da yadda suke koyo, tarihin ilimi, falsafarsa, tsara manhaja, auna fahimta da yadda ake haɗa jarabawa, da dabarun koyar da shi Kemistirin kansa. To ka ga aikin nata ya ma fi yawa, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, wani lokaci lakca biyu su ci karo a awa ɗaya sai ka zaɓi wadda malaminta ya fi zafi.

Abin da ba zan manta ba shi ne darasin ƙirƙirar kayan koyarwa. Malaminmu ya ce mu ɗauka an tura mu makarantar da ba ɗakin gwaji, ba takardar litmos, ba komai, ya za mu nuna wa yaro bambancin asid da kishiyarsa? Ashe zoɓo ma ya isa. Ka jiƙa zoɓo ka tace, ka raba kofi biyu, ka matsa lemun tsami a ɗaya sai ja ya ƙara fitowa jawur, ka zuba ruwan kanwa a ɗayan sai ya juye ya yi duhu-duhu kamar kore. Wallahi har yau da shi nike buɗe wannan babin a aji ɗaya na babbar sakandare, yara har tashi suke daga benci suna leƙe, wata ta ce Malama ashe abin da Inna ke yi a kicin Kemistiri ne. Wanda ya yi zallar Kemistiri ya fi ni sanin wasu abubuwan, ban musa ba, amma ba a koya mashi wannan ba.

Abba_POS: Malama to albashin fa? Zoɓon ne za a ci?

Malama_Kemistiri: Abba kai Tarihi ka yi, kar ka haɗa. Malamin Kemistiri da Fizik da Lissafi nemansu ake, ni kafin in samu aikin gwamnati makarantu biyu ke rububina ga lesin na yamma. Ban ce akwai arziki a ciki ba, amma zaman banza dai babu.

Tsohon_Gireditu: Salamu alaikum. Jikana ne ya sa ni cikin wannan zaure, ban cika magana ba amma wannan ta taɓa ni. Yaro, ka gaya wa ƙanwarka garin da take ciki da koyarwa aka san shi. Kwalejin Katsina da aka fara a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, don horar da malamai aka kafa ta ba don komai ba. Sardauna Ahmadu Bello can ya fito ya koma Sakkwato ya koyar a Midil, Abubakar Tafawa Ɓalewa can ya fito ya koma Bauchi ya koyar. Daga baya aka ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, sannan Zariya, ita ce Barewa ta yau, tsohon ginin kuma yana nan an mai da shi gidan tarihi, ku kai ta ta gani. Alhaji Isa Kaita Wazirin Katsina da aka sa wa kwalejin Dutsinma sunansa, ministan ilimi ne na Jihar Arewa. A lokacinmu ɗalibin kwalejin horon malamai ana ciyar da shi, a ba shi sabulu, a ba shi ɗan alawus, kuma ranar da ka gama aiki na jiranka. In malami ya shigo ƙauye da kekensa har dagaci sai ya tashi sun gaisa.

Yayan_Ummi: Allah ya ƙara lafiya Baba, mun gode. Zan karanta mata wannan da bakina.

Sadauki_KT: Baba Allah ya ja kwana, amma da izininka, wancan zamani ya wuce. Su Sardauna zaɓo su aka yi, 'yan ƙalilan daga kowane lardi, mafi hazaƙa. Yanzu kuwa abin juyawa ya yi. Ku duba makin da JAMB ke yankewa, shekarun nan jami'a 140 ne mafi ƙaranci kafin a ɗaga shi zuwa 150 a 2025, kwalejin ilimi kuwa 100. Ma'ana wanda ya fi kowa rauni shi muke turawa ya koyar da 'ya'yanmu. A jami'a ma haka, wanda bai samu Lauya ba a ba shi koyarwa, wanda bai samu likitanci ba a ba shi koyarwa. Shi ne ainihin tambayar Yayan_Ummi kuma amsar ita ce e, wurin tara mutane ne, sai dai a cikin taron akan samu irin su Malama.

Tsohon_Gireditu: Ɗana ban ƙi taka ba. Amma lalacewar ba yau ta fara ba, mu muka ga farkonta. Da aka kawo UPE, shirin ilimin firamare ga kowane yaro, a 1976 yara suka cika makarantu fiye da lissafin gwamnati, sai aka shiga horar da malamai na gaggawa, wanda bai gama ƙwarewa ba a miƙa mashi aji. A shekarar ne ma aka kafa NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, a Kaduna don a riƙa gyara su suna kan aiki. Daga baya aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa aka rufe kwalejojin Gireditu, wato na horon malamai masu ba da shaidar Grade II irin wadda muka yi. Takarda ta ƙaru, ban ce a'a ba. Amma mu shekara biyar muna kwana muna tashi ba abin da ake nuna mana sai yadda ake riƙe aji, har rubutun allo sai an duba maka ko layinka ya karkace.

Hajiya_HM: Ni shugabar makarantar firamare ce, duk shekara ana turo mani ɗalibai 'yan TP, wato masu zuwa gwajin koyarwa, daga kwaleji da jami'a, to bari in faɗi abin da idona ke gani. Ɗan NCE ya fi jimirin aji. Samista guda cur yake yi tare da mu, ya san rajistar kiran suna, ya san dayari, ya san yadda ake raba faɗan 'yan aji biyu. Ɗan jami'a kuma ya fi shi sanin darasin da Turanci mai kyau, amma zuwansa gajere ne, 'yan makonni, kafin ya haddace sunan yara ya tafi. Kuma da yawansu ba sa zuwa sai sun ji labarin sufabaiza na tafe. Ranar za ka ga abin mamaki, an sha guga, an zo da kwali an zana zuciya ko taswira da maka mai kala, tsarin darasi an rubuta shi tsaf da jan biro da shuɗi. Akwai wanda na kama ya shirya da yara tun jiya cewa in ya yi tambaya kowa ya ɗaga hannu, wanda ya sani dama wanda bai sani ba hagu, shi kuma na dama kawai zai kira. Sufabaiza ya zauna bayan aji minti goma sha biyar ya ga hannuwa sama ya ba da maki ya shiga mota, don shi ma makarantu da yawa ke jiransa ranar. Kwalin nan kuma a ofis ɗina ake barinsa, ina da su tuli bayan kabad.

DanKofarSoro: Hhhh Hajiya wallahi an yi mana wannan na hannun dama da hagu muna aji huɗu, ashe abin gado ne.

Lakcara_Ilimi: Hajiya ba ki yi ƙarya ba, ni ina cikin masu zuwa dubawar. Amma a duba mana ta ɗaya gefen. Malami ɗaya a ba shi ɗalibai masu yawa warwatse a ƙananan hukumomi daban-daban, ga lakcocinsa ba a ɗauke mashi ba, ga halin da hanyoyi suke ciki ta yammacin jiha da kudancinta, akwai garuruwan da ba mai tura ɗalibi yanzu, shi ya sa kowa ke cunkushewa a makarantun cikin Katsina da Daura da Funtuwa, sai ka ga makaranta ɗaya 'yan TP sun fi malamanta yawa, wani sau biyu zai shiga aji a sati. Makarantar ƙauye da ta fi buƙatarsu kuma ba ta ganin ko ɗaya. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na taimakawa da kuɗin duba TP amma kuɗi ba ya ƙara awoyin yini.

Game da maganar Sadauki, e da yawa ba su suka zaɓa ba. Ranar farko nikan tambayi 'yan aji ɗaya wa ya cike koyarwa da kansa, hannuwan ba su da yawa. Sai dai abin da na lura, ba a gane wanda zai zama malami a ranar. Sai an kai koyarwar gwaji, inda kowa zai fito gaban 'yan ajinsu ya koyar na minti kaɗan a yi mashi gyara, nan za ka ga yarinyar da ta shigo tana kuka ta riƙe aji tsit, ka ga wanda ya fi kowa maki ya juya wa mutane baya yana magana da allo har lokaci ya ƙare.

Ummu_Sultan: Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri na karkatar da zancen. Mi ya sa ake horar da su da Turanci zalla alhali in sun zo aji da Hausa za su yi? Ɗana yana aji uku, malamarsu sai ta rubuta da Turanci ta karanta su maimaita, in ka tambaye shi mi ake nufi sai ya yi shiru. Ba ta iya fassara masu ba don ita ma ba a koya mata kalmomin da Hausa ba.

Lakcara_Ilimi: Ummu_Sultan wannan ciwo ne babba. Manufar ilimi ta ƙasa daga 1977 har zuwa 2025 cewa ta yi a fara koyar da yaro da harshen gida ko na yankin a shekarun farko na firamare, amma ba a taɓa shirya malamai da littattafai yadda ya kamata don hakan ba. Sashen Hausa na gefe guda yana nazarin waƙa da nahawu, sashen Lissafi na gefe guda, ba mai zama ya haɗa su.

Bakatsine_a_Kaduna: Duk wannan dogon Turanci ne. Ku tuna abin da ya faru nan Kaduna a 2017, aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa cin makin da aka yanke. Akasarinsu da takardarsu a hannu. To wa ya ba su takardar? Ba daga sama ta faɗo ba.

Hajiya_HM: Bakatsine a yi adalci, makin da aka yanke masu 75 ne cikin ɗari, kuma da yawa ba ta ƙofa suka shigo aikin ba, 'yan siyasa suka cusa su. Kwaleji na da laifinta amma mai ɗaukar aiki ya fi ta. Nan Katsina da aka zo ɗaukar malamai sama da 7,000 a 2023 ai jarabawa aka yi masu tukuna, har da 'yan S-Power, malaman wucin gadi na jiha da suka daɗe suna koyarwa, kuma waɗanda aka turo mani a cikinsu ban da ƙorafi a kansu.

Dauran_Kusugu: Mu dai nan Daura abin da na gani, mata sun fi amfana da kos ɗin nan. Yayata da NCE ta fara, ta yi aure, tana koyarwa ta koma ta ƙarasa digiri, ƙarfe biyu tana gida, hutun yara hutunta. Mijinta da ya hana ta aikin asibiti saboda kwanan dare bai ce komai ba a kan wannan. Ba wai ina cewa haka ya kamata ba, yadda abin yake kenan a gidaje da yawa.

Zee_Batagarawa: Dauran_Kusugu kun fara kenan, komai sai a ce ya dace da mace don ta dawo gida da wuri. Yarinya ta ce magunguna take so ta haɗa, ba wanda ya tambayi ko mi ya sa take so, kowa lissafin aurenta yake. In koyarwar za ta yi ta yi don tana so, yaran mutane ne za a damƙa mata. Malamin da ke jin an tilasta shi a kan yara yake hucewa, mun sha bulalar irinsu.

Dauran_Kusugu: Anti Zee ban ce a tilasta ta ba fa, labarin gidanmu na bayar.

Sadauki_KT: Wai ina alawus ɗin da aka yi alkawari? A 2020 ranar malamai ta duniya Buhari ya sanar da sabon tsarin albashi na malamai da ƙarin shekarun aiki, a 2021 aka ce ɗaliban digirin koyarwa a jami'o'in gwamnati za a riƙa ba su 75,000 duk samista, 'yan NCE 50,000. Akwai wanda ya taɓa karɓa a nan zauren?

Abba_POS: Ni dai ko ƙwandala ban gani ba har na gama.

Tsohon_Gireditu: Ta shekarun aiki dai ta zama doka a 2022, shekara 65 da haihuwa ko 40 ana aiki. Mu mun riga mun fita kafin nan. Amma ni da za a tambaye ni, gara a biya mutum giratutinsa a kan lokaci da a ƙara mashi shekara biyar a gaban allo.

Malama_Kemistiri: Mun yi nisa da tambayar bawan Allah. Yayan_Ummi ga abin da za ka duba a aikace. In ta gama tana da damar rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai, a zauna jarabawarsu a ba ta lasisi, wanda ya yi zallar Kemistiri kuwa in yana son koyarwa sai ya koma ya yi PGDE, diflomar koyarwa ta bayan digiri, shekara guda kafin ya cancanta, da yawa cikin abokan karatuna sun dawo sun yi. In kuma digiri na biyu take so a Kemistiri zalla, wasu jami'o'in sai sun sa ta yi difloma ta share fage tukuna, wannan ku tambaya tun yanzu kar ya zo maku ba zata. Amma hanyar haɗa magunguna daga nan ba ta da sauƙi, kar wani ya ruɗe ta da cewa ki shiga daga baya kya canza, canjin kos zuwa irin waɗannan sai mai maki na gaske kuma sai in akwai gurbi. Ta shiga da sanin cewa mai yiwuwa nan za ta gama.

Kuma ka gaya mata marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da jami'ar jiha ke ɗauke da sunansa, digirinsa na farko a ABU Zariya ilimi ne da Kemistiri, ya gama a 1975, ya koma ya yi na biyu a Kemistiri, ya koyar shekaru kafin siyasa. Kos ɗinta sak.

Abba_POS: Malama shi ɗan Matawallen Katsina ne fa, mahaifinsa minista ne tun jamhuriya ta farko. Ko Tarihi ya karanta irina ba zai riƙe POS ba.

DanKofarSoro: Abba kai dai yau ba mai raba ka da POS ɗin nan hhh.

Lakcara_Ilimi: Wani abu kuma da bai shigo zancen ba, dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu tare da NCE, ba sai sun jingina da wata jami'a ba kamar da. To nan gaba tambayar kwaleji ko jami'a za ta canza kama, kwalejin ilimi ta tarayya FCE Katsina da tsangayar ilimi ta UMYU jami'ar jiha ko ta FUDMA jami'ar tarayya ta Dutsinma duk digiri ne. Abin da nike jira in gani shi ne ko kwalejojin za su riƙe dogon TP ɗinsu ko za su kwaikwayi jami'a su gajarta shi.

Hajiya_HM: In suka gajarta shi Malam to kabad ɗina ba zai ɗauki kwalayen ba.

Yayan_Ummi: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na ba ta wayar ta karanta da kanta tun daga sama. Ta daina kukan amma ba ta ce ta yarda ba, tambayar da ta yi mani ita ce ko za ta iya karɓar wannan ta fara, kuma ta sake zana JAMB ɗin baɗi tana ciki, in ya yi kyau ta bar wannan. Ni kuma kuɗin rajista biyu ne ke yi mani yawo a kai. Akwai wanda ya taɓa yin haka?

Zee_Batagarawa: Ƙawata ta yi, amma lokacin jarabawar ya zo mata daf da ta samista, ta sha wuya sosai. Ku fara tambaya a ofishin admishin yadda ake yi da tsohon gurbin kafin ku biya komai.

Sadauki_KT: Ka ga irin abin da nike faɗa kenan, kujera ɗaya ta tafi ga wadda idonta ke kan ƙofa, wani mai son koyarwar da gaske yana gida bai samu ba.

Malama_Kemistiri: Sadauki nawa ne masu son nata da gaske da suka cike aka hana su? Kawo mani su in gani. Yayan_Ummi in kuna cikin gari ka turo mani saƙo ta akwati, ranar Talata ina da 'yan aji ɗaya da safe, ta zo ta zauna bayan aji ta kalla, sai dai ta zo da wuri don benci ba ya isa.